Jirgin ƙasa bisa tebur

Cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a makon nan, wadda ta fi ɗaukar hankalinmu ta fito ne daga Dewule, cikin gundumar Buza. Wani malamin makaranta ne ya rubuto ta. Ya ce baffansa, wanda ya daɗe yana bida a Abijan, ya komo gida da wani kwali da ya saya wurin ƴan gwanjo. Da aka buɗe sai ga ɗan jirgin ƙasa na wasa, kai guda da taragu huɗu, da guntayen dogo masu yawa, da mararraba biyu. Malamin ya haɗa tebura cikin aji, ya shimfiɗa dogon, ya jona shi da batirin sola da ake cajin waya da shi. Jirgi ya tashi, yara suka ɗauki sowa. Amma murna ba ta daɗe ba: in jirgin ya yi nisa da inda aka ɗaura waya sai ya riƙa ja da ƙyar, in ya zo mararraba sai ya tsaya cik, ranar da kuwa aka lanƙwaso dogon aka maido shi cikin kansa, waya ta yi zafi har robarta ta narke. Tambayoyinsa biyu ne. Mene ne ya lalace? Kuma shin ya dace malami ya kashe lokacin aji bisa abin wasan ƴaƴan nasara?

Malam, babu abin da ya lalace. Jirginka lafiyarsa lau, dokar wuta kawai yake bi, ita kuwa wuta ba ta san lallashi ba. Tambaya ta biyu za ta jira mu gama da ta farko, don amsarta tana cikin ta farkon.

Sunan da ka ce ka gani ƙarƙashin kan jirgin, Jouef, na wani kamfanin Faransa ne da Georges Huard ya kafa a 1944, wanda ya koma hannun kamfanin Hornby na Ingila a 2004. Girman da ke hannunka shi ake kira HO: an rage kowane abu sau 87, tsakanin dogo da dogo kuwa milimita 16,5 ne. Ka riƙe wannan lamba, za mu komo kanta. Wutar da jirgin ke ci volt 12 ce, irin ta batiri mai bin hanya guda, ba irin ta NIGELEC mai volt 220 da ke kai da komowa ba. Babu waya da ke bin jirgin, domin dogon nan biyu su ne wayoyinsa. Mu kira na dama ja, na hagu baƙi, kamar yadda masu gyaran mota suka saba. Wuta tana fitowa daga batiri, ta bi jan dogo, ta hau ƙafafun dama, ta shiga injin ta juya shi, ta sauka ta ƙafafun hagu, ta bi baƙin dogo ta koma inda ta fito. In ba ta da hanyar komawa, fitowa ma ba ta yi. In kuwa ta sami gajeriyar hanya, wato ja ya taɓa baƙi ba tare da injin a tsakaninsu ba, sai ta kwararo gaba ɗaya kamar gulbi ya fasa madatsa. Shi ya sa in ka duba ƙafafun taragun za ka ga ƴar roba tsakanin ƙafa da sandar da ke riƙe da ita. In ka musanya wayoyin biyu, jirgin baya zai yi. Iyakar sirrin ke nan, duk sauran bayanin rassansa ne.

Kafin kome, a tsare rai da dukiya. Volt 12 ba ta kama mutum, amma batirin sola ko na mota yana iya zubo wutar da za ta mayar da waya garwashi cikin ƙiftawar ido, aji kuwa cike yake da takardu, wani ma na zana ne. Kada a sake jona dogo da batiri kai tsaye. A sa fiyus mai amfiya 2 ko 3 dab da bakin batirin, sannan a bi da wutar ta cikin ƙwan fitilar mota mai wat 21 kafin ta isa dogo. Muddin jirgi na tafiya lafiya, ƙwan ba ya haske, ko ya yi ɗan ja-ja kawai, domin injin ba ya cin wuta mai yawa. Ranar da ja ya taɓa baƙi, ƙwan zai haska bal, ya shanye wutar, ya kuma tona asirin ɓarnar gaban kowa. Tsofaffin masu wannan wasa sun daɗe da sanin dabarar. Don rage gudu, ƴar na'urar nan da ake rage hasken fitilun sola da ita ta wadatar.

Sai maganar jan jiki in an yi nisa. Wanda ya taɓa ban ruwa a gonakin albasa na fadamar Tarka ya san cewa ruwan da aka sako cikin doguwar hanyar ƙasa ba ya isa fangalin ƙarshe da ƙarfin da ya baro bakin rijiya. Haka wuta take cikin dogo. Ƙarfen dogon wasa ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe, ko kusa. Bugu da ƙari, guntayen suna haɗe ne da ƴan mahaɗan ƙarfe da ake zurawa, waɗanda ke saki da tsufa, ƙura ta shige su, tsatsa ta kama su. Kowane mahaɗi yana cin nasa ushiri, kafin a kai guntu na goma abin da ya rage bai isa tuƙa jirgi ba. Maganin shi ne a daina dogara ga dogo. A ja wayoyi biyu masu kauri na jan ƙarfe, ja da baƙi, ƙarƙashin tebur, su bi dogon duk inda ya bi. Daga jikinsu a fitar da sirara gajeru, kowace mita guda ko kusa da haka, a huda tebur a liƙa su da dalma a gefen dogo na waje, don kada ƙafar jirgi ta yi tuntuɓe da liƙin. Kowane mai gyaran rediyo na kasuwar Buza ko ta Madawa zai yi wannan liƙi cikin rabin yini. Abu biyu kawai za a kiyaye: kada a liƙe duk mahaɗan, a bar ɗan tsago nan da can, domin ƙarfe yana miƙewa da zafin bazara, kuma bazarar Adar ba ta wasa; sannan a ɗiga jan fenti gefen jan dogo tun daga farko har ƙarshe, domin rabin wahalar wannan aiki mantuwa ce. Ƙurar hunturu kuwa a goge ta da tsumma da ɗan alkol, ba da sanfefa ba, kuma a rufe tebur in an tashi.

To, mu zo ga mararraba, inda ake gane gwani. Tana da baki guda wajen shiga, biyu wajen fita. A wajen shiga akwai sirara biyu masu motsi, masu tsini, waɗanda Faransawa ke kira allurai, daga nan ne ma suka samo sunan mararrabar da na mai juya ta. Su ke kama ƙafar jirgi su nuna mata hanya. Gaba kaɗan kuwa, dole dogon ciki na hanya ɗaya ya gitta dogon ciki na ɗayar, a wani wuri mai siffar harafin V. Faransawa na kiran wurin zuciya, Ingilishi na kiransa kwaɗo. A nan na fi yarda da Faransawa. Ka ɗauki mararrabar da ke karkata dama, ka sa yatsa ka bi ta a hankali. In jirgi zai miƙe, ƙafafunsa na dama ne za su taka zuciya, ke nan ya kamata ta zama ja. In zai karkata, ƙafafunsa na hagu ne za su taka ta, ke nan ya kamata ta zama baƙa. Guntun ƙarfe ɗaya, ana son ya zama ja yanzu, baƙi an jima, kuma kada ya taɓa zama duka biyu lokaci guda.

Maƙera sun bi hanya biyu wajen warware wannan. Ta farko, wadda ake samu cikin akasarin akwatunan yara, ita ce a yi zuciyar da roba, ba ja ba baƙi. Rikici ya ƙare, amma an sayi wani: wurin ya zama mataccen fili, kuma ɗan gajeren kai mai ƙafa huɗu, in ƙafa ɗaya tana bisa roba ɗayar kuma ta taka ƙura, sai ya rasa wuta ya tsaya. Ina kyautata zaton abin da ke faruwa cikin ajinka ke nan. Akwai kuma wani aibi da ido ba ya gani: cikin irin waɗannan mararrabai, sau da yawa wuta tana wucewa ne ta wurin da allura ke jingina da dogo, wurin da tsinken ciyawa ɗaya ya isa ya raba. A wanke wurin, a wanke ƙafafun jirgin da ƴan ƙarafan da ke gogar su ta ciki, a liƙa ƴar waya tsakanin kowane dogo na waje da dogon allurar da ke kusa da shi, a kuma ba hanyoyin fita biyu nasu wayoyin daga ƙarƙashin tebur. Galibi jirgi ya daina tsayawa.

Hanya ta biyu ita ce ta manya: zuciya ta ƙarfe, amma a yanke ta daga duk maƙwabtanta, a sa mahaɗan roba a dogon nan biyu da ke fita daga bayanta, a ba ta waya ɗaya tak. Wayar ta tafi ga makunni mai ƙafa uku, ta kama ta tsakiya, ja ya kama gefe, baƙi ya kama gefe. Sai a ɗaure makunnin da sandar da ke tura allurai, ta yadda hannu ɗaya zai juya hanya ya juya wuta tare. Mai irin wannan mararraba ya riƙa shigo mata da wuta ta wajen allurai. In ya shigo da ita ta baya ba tare da mahaɗan roba ba, ƙwan fitilarsa zai ba shi labari. Don gwaji ba a bukatar na'ura mai tsada: ƙaramin ƙwan babur da wayoyi biyu ya isa. A ɗora ɗaya bisa jan dogo, ɗaya bisa zuciya. In ya kama, zuciya baƙa ce. A juya allurai, ya kamata ya mutu. Yaron da ya yi wannan gwaji da hannunsa sau uku ya fahimci abin da muka yi shekara muna haddacewa a lise ba tare da an ba mu waya ko ɗaya mun taɓa ba.

Wayar da ta narke kuwa, laifin zane ne. Ka ɗauki alli ja da fari ka zana bisa allo hanyar da ta fita, ta zagayo kamar bakin ludayi, ta komo ta shiga kanta ta mararraba. Ka bi dogon dama da jan alli kada ka ɗaga hannu. Za ka ga ya komo ya faɗa bisa dogon hagu. Ba mai iya hana wannan, siffar hanyar ce ta kawo shi. Abin da ake yi shi ne a yanke dogo biyun a farkon zagayen da ƙarshensa, a sa roba, tsakanin yankan biyu ya fi jirgi duka tsawo, a ba zagayen nasa makunnin musanya wuta mai ƙafa shida, babbar hanya ma a ba ta nata. Jirgi ya shiga zagaye da wuta iri ɗaya da ta babbar hanya. Yana ciki sai a musanya ta babbar hanyar, ya fito ya tarar da ita daidai da shi. Jamusawan kamfanin Märklin sun kauce wa wannan ciwon kai tun tuni, da suka bi da wuta ta ƴan ƙusoshi a tsakiyar hanya, dogo biyun suka zama abu guda. Na ambace su ne don gargaɗi: in wani ɗan bida ya ƙara kawo tsaraba, a duba suna, domin taragon Märklin ba shi da robar nan a ƙafa, ana ɗora shi bisa dogonka zai haɗa ja da baƙi.

Game da juya allurai daga nesa, akwai ƴan injuna masu naɗin waya biyu da ke fizgar su. Wuta ta ƙiftawar ido suke so. Yaro ya danne maɓalli ya ƙi saki, naɗin ya ƙone. Ni dai shawarata a bar su cikin kwali, a ɗauko wayar birkin keke da kubenta a bi da ita ƙarƙashin tebur zuwa hannun mai juyi. Ba ta ƙonewa, kuma akwai ta kowace kasuwa. A Turai, tun shekarun 1980 aka fara sa wa kowane kai ƴar ƙwaƙwalwa, ana aika masa umurni ta cikin dogo, har jirage da yawa su yi yawo bisa hanya ɗaya kowa da gudunsa. Da irin wannan ci gaba ne aka buɗe gidan kallo na Miniatur Wunderland a birnin Hambug a 2001, inda tsawon dogon wasa ya haura kilomita 15. Amma ko a can, zuciyar mararraba ba ta daina neman ja ko baƙi ba.

Yanzu tambaya ta biyu. Ka ninka milimita 16,5 sau 87, za ka samu kusan 1435. Wannan shi ne faɗin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa cikin Fabrairu 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke da kwangilar. Abin da ke bisa teburin ajinka ƙanen wannan ne, ciki ɗaya. Mu kuwa ƴan Nijar mun fi shekara ɗari muna jin kukan jirgi daga bayan danga. Dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, duk ya tsaya bai ƙetaro iyaka ba. Na Kotonu ya kai Paraku a 1936, bayan kilomita 438, ya tsaya. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa tsakaninmu da Dahome don tafiyar da shi, muka zama masu jirgi a ƙasar wasu. Wanda ya taso daga Abijan, ko da yake har da sunan Nijar cikin sunansa, ya isa Wagadugu a 1954, daga baya aka ja shi zuwa Kaya, nan ya ƙare. Cikin Afrilu 2014 aka buɗe tashar Yamai da kaɗe-kaɗe, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikinsa cikin Janairu 2016. Sashen da zai haɗa shi da Paraku ya maƙale cikin shari'a a kotunan Benin, ba a gina shi ba, kuma hanyar ba ta taɓa ɗaukar kaya ko fasinja a kai a kai ba. Faɗinta mita guda ne, na tsohon dogon Najeriya milimita 1067, na sabon 1435. Faɗi uku ke nan, ba jirgin da zai bar ɗaya ya hau ɗaya. Yaron da ya taɓa ƙoƙarin ɗora tarago bisa dogon da ba nasa ba, ko ya ga guntun hanyar da ba a kai wa waya ba, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani bisa wannan labari.

Wani zai ce ai babban jirgi da gazuwal yake tafiya, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, me ya haɗa shi da ja da baƙi? Abin da ya haɗa su da yawa. Tun 1872 wani Ba'amurke, William Robinson, ya ƙago dabarar da har yau take tsare rayuka. Ana raba hanya sashe-sashe, a bi da ƴar wuta ta dogo ɗaya ta komo ta ɗayan. Muddin tana zagayawa, fitilar hanya tana iya nuna kore. Da jirgi ya shiga sashen, ƙafafunsa na ƙarfe su haɗa dogo biyun, wuta ta yanke hanya, fitila ta koma ja, na baya ya tsaya. In dogo ya karye ko waya ta tsinke, nan ma ja za ta nuna. Abin da ya narkar da waya a Dewule shi ne ainihin abin da ke hana jirage karo. Tun kafin wannan, a 1856, John Saxby na Ingila ya fito da tsarin da ke kulle allurai da alamun hanya tare, ta yadda ba a iya ba jirgi izinin wucewa sai an tabbata mararraba ta zauna daidai: makunninka mai ƙafa uku da aka ɗaure da sandar allurai jikan wannan tunani ne.

Duk waɗannan abubuwa mutane ke dasa su, mutane ke duba su da dare da rana, kuma albashinsu ya fi na mai dakon buhun albasa. Najeriya tana da cibiyar koyon fasahar sufuri a Zariya tun 1986, ta kuma gina jami'ar sufuri a Daura, bisa bakin hanyar da ke zuwa mana. Mu muna da lisen fasaha na Ɗan Kasawa a Maraɗi, da EMIG a Yamai, da cibiyoyin koyon sana'a cikin kananan hukumomi da dama. Gine-gine akwai. Abin da nake tsoro shi ne jirgi ya tsaya tashar Maraɗi, albasar Madawa da Galmi ta cika taragu, amma mai duba fitila da mai gyaran mararraba duk a ɗauko su daga wani wuri, namu kuwa su samu gadi da shara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Samarin Adar da ke ƙera motar kara da ta gwangwani tun ba su kai shekara goma ba, waɗanda ke kwance wayar salula su ɗaura ba tare da malami ba, ba basira ta gaza musu ba.

Ba ina cewa ma'aikatar ilimi ta yi odar jiragen wasa daga Turai ba ne. Na san ajujuwan da ko benci babu. Amma tebur guda a kowace cibiyar koyon sana'a ta Madawa da Buza da Keita, mai faɗin mita ɗaya da ɗan kai da tsawon mita biyu da rabi, da mararraba biyu, da batiri, da ƙwan mota, ba zai kai kuɗin kwana biyu na taron ƙara wa juna sani a otal ba. Ƙungiyoyin ƴan Adar mazauna Abijan da Faransa, waɗanda suka gina masallatai da ɗakunan shan magani a garuruwansu, suna iya cika kwali da dogon gwanjo in an gaya musu abin da za su nema: girman HO, mai dogo biyu, da mahaɗan roba masu yawa, don su ne ke fara ɓacewa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake auna batirin sola a san ko ya mutu ko yunwa ce ke damunsa, domin wasiƙu uku sun zo bisa wannan daga Keita. Ku huta lafiya.